Amsa: Besbol ko sofbol, wanne ɗana zai shiga?

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 15 ya shiga sakandare a Amurka, yana son wasan nan na sanda da ƙwallo, amma kin rasa bambancin besbol da sofbol.

A makarantun can, galibi besbol na samari ne, sofbol na 'yan mata. Idan ƙungiyar makaranta yake nufi, besbol zai nema, kuma sai an gwada shi kafin a ɗauka. Nan ne ƙalubalen yake, domin abokan takararsa tun suna ƙanana suke bugawa. Ƙwallon ƙarama ce mai tauri, ana wurgo ta da ƙarfi ta saman kafaɗa daga nisan ƙafa 60 da inci 6. Yaron da bai saba ba, ko ganinta ba zai yi ba.

Ni dai da zan ba shi shawara, ya fara da sofbol na unguwa, irin wanda ake lilo ƙwallon a hankali ta ƙasa. Ta fi girma, filin ma ya fi ƙanƙanta: ƙafa 60 zuwa 70 tsakanin tasha da tasha (wuraren da mai bugu ke rugawa ya taka) maimakon 90 na besbol. Kada sunan sofbol, wato "ƙwallo mai taushi", ya ruɗe ki fa, ba ta da wani taushi, in ta sami yatsa sai ya kumbura. Ki saya masa safar hannun kamun ƙwallo tun yanzu.