Yini ɗaya a Addis Ababa: ina zan je, me zan ci, kuma zan kai kabarin Najjashi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa Chana sarin kaya ta jirgin Habasha. Sau biyar ke nan ina ratsawa ta Addis Ababa, amma ban san komai a garin ba sai kujerun filin jirgi. Wannan karon da gangan na sa aka bar mini kwana ɗaya a hanyar dawowa: zan sauka da asubahin Laraba, in tashi zuwa Kano da safiyar Alhamis. Me ya kamata in gani? Namansu ya halatta gare mu? Kuma zan iya ziyartar kabarin Sarki Najjashi in dawo a ranar?

Wani mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a sauka lafiya, ya sanya albarka a kasuwa. Mutanenmu da yawa sun san Bole, wato filin jirgin, ciki da bai, amma ba su taɓa taka ƙasar garin ba, alhali daga ƙofar filin zuwa tsakiyar gari 'yan kilomitoci ne kawai.

Bari in fara da Najjashi, don na san shi ya fi tsaya maka a rai. Ba zai yiwu a yini ɗaya ba. Garin Nagash, inda masallacin yake da kabarin da ake jingina wa sarkin, yana can arewa a yankin Tigray, sama da kilomita 700 daga Addis Ababa. Sai ka sake hawa jirgi zuwa Mekele, sannan ka shiga mota. Ga shi an sha yaƙi a yankin daga 2020 zuwa 2022, har masallacin ma bai tsira daga ɓarna ba. Wannan ziyara ce da ake ware mata kwanaki, a bincika halin tsaro kafin a kama hanya. Kuma lokacin da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, har Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a gaban sarki, babu Addis Ababa a doron ƙasa. A 1886 Sarki Menelik na biyu da matarsa Taytu suka kafa garin, sunan kuma yana nufin "sabon fure". Kano ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, don haka kada ka je neman ganuwa da tsofaffin ƙofofi. Abin da za ka gani shi ne babban birnin mutanen da Bature ya zo musu da yaƙi suka kora shi, kuma har yau suna ƙirga lokacinsu da shekarunsu yadda suka gada.

Kafin komai, takarda. Otal da izinin shiga gari da kamfanin jirgin kan ba fasinjan da ya yi doguwar jira, na wanda babu jirgin da zai wuce da shi da wuri ne. Kai kuwa da kanka ka zaɓi tsayawa, don haka kada ka dogara da shi. Ka nemi bizar intanet a shafin hukumar shige da fice ta Habasha tun kana Kano, ka buga ta a takarda, ka haɗa da katin rigakafin shawara. Kada ka ce za ka karɓa a filin jirgi don wani ya gaya maka haka ya yi shekarun baya. Dokar takan canja. Kuɗinsu birr ne. Ka canja kaɗan a banki cikin filin jirgin, iya na yini ɗaya, ka riƙe rasit, kada ka kula masu canjin bakin titi.

Abu biyu ne ke ɓata wa baƙo yininsa a Addis, kuma ba a cika faɗa wa mutane su ba. Na farko tudu. Garin yana kan tsaunuka, wajen mita 2,300 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Za ka hau matakala goma ka ji kana haki kamar ka yi gudu, wani har kansa ya yi ciwo. Iskar ce ba ta da kauri a can sama. Ka yi tafiya a hankali, ka yawaita shan ruwa, in kuma kana da hawan jini ko ciwon zuciya ka tuntuɓi likitanka kafin tafiyar. Sanyin asubarsu yakan yi kama da na tsakiyar hunturu a wajenmu, ka sa rigar sanyi a jakar hannu. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, ruwan la'asar yakan zo da ƙanƙara.

Na biyu agogo. Sun riga mu da awa biyu, wannan wayarka za ta gyara da kanta. Inda ake rikicewa shi ne su daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi. Ƙarfe bakwai na safe a wajensu ƙarfe ɗaya ne, tsakar rana kuma ƙarfe shida. In direba ya ce zai zo ƙarfe biyu, mai yiwuwa takwas na safe yake nufi. Duk alkawarin da za ka yi da wani, ka nuna masa a fuskar wayarka, ka tambaye shi lissafin Habasha ne ko na baƙi. In ka ga rasit ɗauke da shekarar da ta gaza tamu da bakwai ko takwas, ba kuskure ba ne. Shekararsu wata goma sha uku ce, tana kamawa a Satumba.

Shawarata a kan yinin ita ce wurare uku, ba goma ba, kuma a jere su kan layi guda: ka fara daga can saman dutse da safe, ka riƙa gangarowa, ta yadda Azahar za ta same ka a kasuwa. Ka sa otal ɗinka ya nemo maka mota da direba na yini guda, ku gama ciniki kafin ka shiga. Akwai manhajojin kiran mota irin su Ride da Feres, sai dai suna buƙatar layin waya na can, kuma a yini ɗaya direba guda da zai jira ka ya fi kwanciyar hankali.

Ka kwanta awa biyu bayan ka sauka, sannan ka nufi Entoto, dutsen da ke arewacin garin, wanda tsayinsa ya haura mita 3,000. Nan Menelik ya fara zama kafin matarsa ta ja shi ƙasa kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi. Fadarsa tana nan bayan cocin Entoto Maryam, inda aka naɗa shi sarkin sarakuna a 1889, kuma abin da ya fi taɓa ni a wurin shi ne ƙanƙantarta: 'yan ɗakuna ne masu farin bango da jinkar ciyawa, ba su fi gidan wani hakimi ba. Daga irin wannan gida mutumin ya fito, shekara bakwai bayan naɗinsa ya karya rundunar Italiya. Da safe sararin yakan washe, ka hango garin duka shimfiɗe a ƙarƙashinka. Da yamma hazo da hadari kan rufe shi, shi ya sa na ce ka fara da nan. Dutsen cike yake da bishiyar turare, wadda aka kawo daga Ostireliya zamanin Menelik saboda ƙarancin itacen girki. A hanya za ka ga mata sun goyo damin itace da ya fi su faɗi suna gangarowa da shi gari. Kada ka ɗauke su hoto ba izini, neman abincinsu suke yi.

A gindin dutsen akwai Shiro Meda, kasuwar masaƙa, kuma na san ɗan Kwari ba zai wuce ta ba. Farin saƙi ne na auduga mai ado a baki: netela, mayafin mata mara nauyi, da gabi mai kauri da ake lulluɓa saboda sanyi. Ka juya bayan yadin ka duba zaren, don akwai na inji da ake shigo da shi daga waje ana sayarwa da sunan na hannu. Idonka zai rarrabe. Rabin awa ya isa.

Wuri na biyu, gidan tarihi. Akwai biyu kusa da juna a kan hanyarka. Babban gidan tarihin ƙasar shi ne ya yi suna saboda ƙasusuwan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka tono a Hadar cikin yankin Afar a 1974, waɗanda Turawa ke kira Lusi, Habashawa kuma Dinkinesh. Masana kimiyya sun ƙiyasta shekarunsu miliyan 3.2, kuma kwafi ne aka saba ajiyewa a gaban masu kallo. In kana son gani, minti arba'in ya ishe ka. Amma da ni ne, na cikin Jami'ar Addis Ababa a Sidist Kilo zan zaɓa. Tsohuwar fadar Haile Selassie ce, ɗakin kwanansa yana nan da gadonsa, har da madubin da harsashi ya huda a yunƙurin juyin mulkin 1960. Sauran ɗakunan kuma rayuwar ƙabilun ƙasar ce tun daga haihuwa har mutuwa: kayan noma, na aure, na kiɗa, na Musulmi da na Kirista. Za ka ga ƙwarya da faifai da matashin kai na itace, ka rantse daga wani ƙauyenmu aka ɗauko su.

In lokaci ya ba ka dama, a unguwar Piyasa akwai sabon ginin tunawa da nasarar Adwa, wato yaƙin da Menelik ya karya rundunar Italiya, da aka buɗe a 2024, yana kan hanyarka ta zuwa kasuwa. A Maris ɗin 1896 aka gwabza wannan yaƙi. Hedikwatar Tarayyar Afirka da zauren Africa Hall kuwa ba a shiga kai tsaye sai da shiri, ka sa direba ya bi da kai ta gabansu kawai. A wannan gari ne Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani suka zauna da sauran shugabanni a Mayun 1963 aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Kada ka ɗaga waya a gaban fadar gwamnati, barikin soja ko shingen 'yan sanda.

Sai Merkato, wuri na uku kuma zuciyar yinin. 'Yan Italiya ne suka kafa ta lokacin da suka mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941, suka tura 'yan ƙasa can don su ware wa kansu tsakiyar gari. Yau ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin Afirka. Tsarinta ba zai zame maka baƙo ba, layi-layi take, suna kiran kowane layi "tera": na kayan yaji, na gahawa, na takalma, da Minalesh Tera inda ake mayar da tsohuwar taya takalmi, tsohuwar ganga murhu. Ka yi sa'a Laraba ce, don ran Lahadi yawancinta a rufe take. A cikinta babban Masallacin Anwar yake, coci na maƙwabtaka da shi, nan za ka yi Azahar. Ka shiga sahu, ka gaisa da jama'a bayan sallama. Da 'yar Larabcinka za ka sami mai amsa maka, kuma su ne za su nuna maka inda ake cin abinci mai kyau.

Amma ka shiga da shiri. Fasfo ya zauna a otal, ka riƙe hotonsa. Agogo mai tsada da babbar waya su ɓuya, kuɗi kaɗan a aljihun gaba, direban ko wani ɗan gari ya raka ka. Dabarar 'yan sane a can ita ce wani ya tofa maka yawu ko ya zuba maka wani abu a riga kamar da kuskure, ya hau ba da haƙuri yana goge maka, ɗan'uwansa na lalube. Kada ka tsaya, ka ce ba komai ka wuce. Haka wanda ya tare ka a titi da fara'a ya ce ɗalibi ne, zai kai ka wani gida ka ga bikin al'ada. Ƙarshenta takardar kuɗi ce mai nauyi.

Maganar nama tana da sauƙi fiye da yadda kake zato, domin su kansu sun raba. Kiristocin Habasha ba sa cin yankan Musulmi, Musulmi ba sa cin nasu, shi ya sa mahautan Kirista ke zana gicciye a ƙofar shago, na Musulmi kuma jinjirin wata. Kewayen Anwar gidajen abincin Musulmi ne birjik, ka nemi tibs, soyayyen nama ne da albasa. In kuma kana wurin da ba ka da tabbas, Laraba da Juma'a ranakun azumin cocinsu ne, ba nama ba madara ba man shanu. Ka ce a kawo maka beyaynetu: faifan injera da miya iri-iri ta wake, ganye da kayan lambu, da shiro, wata miyar garin wake mai kauri. Injera daga wani ƙaramin hatsi ake yin ta mai suna tef, tana da tsami da ƙananan ramuka, ta fi kusa da sinasir, da ita ake ɗibar miya da hannun dama. Abu biyu ka kiyaye: kitfo ɗanyen nama ne sai ka ce a dafa, tej kuma giyar zuma ce, ko da ka gan ta ruwan ɗorawa a kwalba kamar lemo.

Ka bar Merkato kafin ƙarfe huɗu, don cunkoson yamma a wannan sashe yana cinye awa guda ba ka je ko'ina ba. Ragowar yammar ka ba gahawa, wadda suke kira buna. Kusan kowane lungu akwai mace zaune da ƙananan kofuna, ta shimfiɗa ɗanyar ciyawa, turaren wuta na tashi, tana soya 'ya'yan a gabanka, ta daka, ta dafa a tulun ƙasa mai dogon wuya da ake kira jebena. Zagaye uku ake sha, na ukun sunansa baraka. In an miƙo maka ka ce "amesegnalehu", wato na gode. Tsarabar gida kuwa, ka sayi soyayyar gahawa a shagon Tomoca, wanda ke wannan sana'a tun 1953, ka haɗa wa Hajiya da netelarta. Birr ɗin da ya rage ka kashe shi a daren ko ka ba direba, don ba zai yi maka amfani a Kano ba, sannan ka sake nuna masa lokacin ɗaukarka na safe a fuskar waya kafin ku rabu.