Kawu, ai Turancin ba ɗaya ba ne

Kawu, Allah ya ƙara girma. An ce ka ji dangin matata Bajamushiya na kiran 'yata Jamila da "Yamila" a waya, har kana tambaya ko sun sauya mata suna mun yi shiru. Babu wanda ya sauya komai. Bajamushe in ya ga J, Y yake karantawa. Bafaranshe ya ja shi kusa da "sh", mutumin Spain kuma ya maida shi wani H daga maƙogwaro. Harafi ɗaya, kowa da bakinsa.

Can gida ana ɗauka duk Bature Ingilishi yake yi. Ga kalma guda, gift. A Ingila kyauta ce. A nan Jamus guba ce, ita ake rubutawa a jikin maganin ɓera. A Sweden kuma, inda suke furta ta "yift", tana nufin guba, tana kuma nufin mai aure. Na san masu cewa auren Baturiya halaka ne za su ji daɗin wannan. To su sani matar nan da suke zargi ita ke tuƙa tuwo da garin semolina, ita ke tashin yara sahur.

Abin ya fi ciwo a kan sunaye. S a farkon kalma Z ne a bakin Jamusawa, don haka Sani ya zama "Zani", sai ka ce abin ɗaurawa. Zainab ta koma "Tsainab", Hauwa "Hauva". Shi ya sa a Hamburg za ka ji Amina da Bilal sun yi yawa a cikinmu. Ba gudun sunan kakanni ba ne, tausayin yaro ne a makaranta. Ni dai na dage da Jamila saboda sunan Inna ne, Allah ya jiƙanta, wadda ko ajami ba ta karantawa amma ba ta taɓa kuskuren sunan jika ba.

Kuma kafin a ce mun ɓata, a duba gida. Usman na Katsina in ya ƙetara Maraɗi Ousmane ne a takarda, Shu'aibu ya zama Chaibou, ba wanda ya ce sun bar Hausa. Ranar Juma'a a masallatan unguwar St. Georg a nan Hamburg, mu da 'yan zangon Kumasi da 'yan Damagaram Hausa muke yi, kowa da irin tasa. Tasu Jamila tana da gargada, ban musa ba. Ku riƙa kiran su kuna gyara musu, maimakon dariyar da ake yi musu in sun gaishe ku.