Ku Tambaya Mu Amsa: Mataccen ekutar a hannun ƴan koleji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da fizik a wani koleji a Tahoua. So nake yarana su iya ɗaukar abin da aka ƙera su faɗi dalilin da ya sa aka yi shi haka. Ba mu da ɗakin gwaji, yaran kuma sun kai 60. An ce in gwada da ekutar, abin sauraron nan na kunne. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi sabo. Je wurin masu gyaran salula ka roƙi matattu guda 20; wanda ya lalace ya fi sabo koyarwa, don yana nuna inda maƙerinsa ya yi rowa. Raba yaran gida 10, kowane gida mutum 6 da ekutar biyu. In an samu babba mai rufe kunnuwa ko ɗaya ne, a riƙa zagayawa da shi.

Ranar farko ba a buɗe komai. Su auna tsawon wayar, galibi mita ɗaya da ɗan ɗoriya. Su duba tsinken da ake sokawa a salula, mai kaurin milimita 3.5, su ƙirga zobban roba da ke jikinsa. Zobe biyu na nufin hanya uku: kunnen hagu, kunnen dama, da wayar da suka yi tarayya a kanta. Zobe uku kuwa an ƙara hanyar makirufo ke nan. Sai tambayar da ita ce darasin: don wa aka yi wannan? Ɗan kabu-kabu mai amsa kira cikin ƙura da ma'aikacin gidan rediyo ba abu ɗaya suke nema ba.

Rana ta biyu a buɗe, amma reza a hannunka za ta tsaya, yara su yi aiki da turnabis. Abu uku za su tarar: ɗan maganaɗisu, naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, da fatar leda mai shara-shara. Lantarki ya bi naɗin, maganaɗisu ya ja shi ya tura, fatar ta kaɗa iska. Yaron da ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ba ya buƙatar dogon bayani. Faɗin fatar a ƙaramin ekutar milimita 10 zuwa 15 ne, a babba kuwa wajen 40, su auna da kansu. Waɗannan ukun su ne lasifikar. A taɓa wayoyinta biyu a batir mai bolt 1.5, taɓawa ɗaya a ɗauke: in an ji ƙas, lasifikar da ranta. Mitar masu gyaran rediyo za ta nuna turjiyar lantarki ta om 16 zuwa 32 a yawancinsu.

A nan yara za su sha mamaki, don mafi yawan matattun nan lasifikarsu lafiya lau take. Wayar ce ta tsinke, kusan kullum a wuyan tsinken, inda take lanƙwasuwa cikin aljihu. Zaren da ke ciki kamar gashi yake, shi ya sa kunne ɗaya ke fara mutuwa, a murza wuyan ya dawo. Su kwatanta mai doguwar roba mai gaɓa-gaɓa a wuya da wanda aka bari tsirara, mai miƙaƙƙen kai da mai lanƙwasasshe. Wanda sautinsa ya dushe kuma, a duba ragar bakinsa, ƙura da dauɗar kunne ne suka toshe ta. (Saboda dauɗar nan, kada kowa ya cusa tsohon ekutar a kunnensa.) Masu son gyara su sani zaren a shafe yake da fenti mai hana lantarki wucewa, in ba a ƙone shi da narkakkiyar dalma ba, likin ba zai kama ba.

Wajen ba da maki, jerin sunayen sassa bai kai rabi ba a ganinmu. Kowane gida ya zana abin a kaye, ya nuna inda ya mutu, ya kawo gyara ɗaya tak, ya kuma faɗi ko gyaran zai ƙara kuɗin kayan.

Tambaya: Ni malama ce a Yamai. Ɗalibaina ekutar mara waya suke sawa, mai Bluetooth. Mu buɗe shi?

Amsa: A'a, Malama. Batirin litiyom ne a ciki, in reza ta huda shi yana iya kamawa da wuta, kuma da gam aka like shi. A nazarce shi daga waje: awa nawa cajinsa ke kaiwa, me ake yi da shi in batirin ya mutu tunda ba a canzawa. A haɗa da zancen ji: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80. Su rubuta awannin da suke yi da shi a kunne daga Litinin zuwa Lahadi, su kawo lissafin aji.