Amsoshin tambayoyinku: ƙaramin jirgin ƙasa a bayan gida, a gyara tsohon ko a sayi sabo?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni uku na wannan makon duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙananan jiragen ƙasan nan da ake shimfiɗa musu dogo suna zagayawa da kansu, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wani bawan Allah daga Rayfield da ke Jos ya rubuto: "Malam, mahaifina Allah ya jiƙansa ya bar min saitin jirgin ƙasa na kamfanin Hornby da ya zo da shi daga Ingila. Bara na sa kafinta ya buga min tebur na katako a bayan gida muka shimfiɗa dogon a kai. Damina ɗaya katakon ya kumbura, gara ta cinye ƙafafun, dogon ya yi tsatsa, jirgin ma in ya ɗan motsa sai ya tsaya. Ina so in sake ginawa. In nemi dogo irin na da ko in canza gaba ɗaya?"

Allah ya jiƙan Baba da rahama. Ɗan'uwa, gaskiyar magana kayan Baba ba na tsakar gida ba ne, ka kwashe su ka shigar ɗaki tun kafin sauran su lalace. Yawancin na Hornby girman da ake kira OO ne, an rage jirgin gaske sau 76, tsakanin ƙarafan dogon milimita 16.5 ne kacal, kuma wutar ta cikin dogon take bi ta shiga tayoyin, to ka ga ƙurar hunturu kaɗan ko kashin tsuntsu ko ganye ɗaya ya isa ya tsayar da shi. Ka ɗauki maganaɗisu ka kara a jikin dogon. In ya kama, tsohon ƙarfe ne mai tsatsa, wanda ya riga ya ci kar ka wahalar da kanka, ka sayi sabo na farin ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa, kamfanin Peco na yi, Hornby ɗin ma na yanzu irinsa suke yi. Amma a ɗaki fa, a kan tebur, a rufe da zani in an gama.

In kuma zuciyarka na kan bayan gidan ne, akwai girman da aka yi musamman don waje, ana ce masa G. Kamfanin LGB na Jamus ne ya fito da shi a 1968, dogonsa faɗin milimita 45, jirgin an rage shi sau 22.5, dogon na tagulla ne, ruwa ba ya sa shi tsatsa sai dai ya yi duhu, robar jikinsa kuma an yi ta don ta jure rana. Kamfanin PIKO ma na yin irinsa kuma dogon faɗinsu ɗaya. Tsada akwai ta, ba zan ɓoye maka ba, don oda ake yi daga waje kuma tagulla nauyi gare ta, masu kawo kaya da kilo suke caji, ga kuɗin kwastan. Shi ya sa nake cewa ka sayi saitin farko kawai, kan jirgi ɗaya da tarago biyu da dogo, sauran kuɗin ka zuba a ƙasa. Mutane sukan yi akasin haka, su kashe kuɗin duka a kan jirgi mai kyau sannan su ɗora shi a kan katakon da ya rage daga rufin shago.

Ginin shi ne aikin. Kar ka sake sa katako a ƙasar Jos, ko an shafa masa baƙin mai gara za ta same shi, lokaci ne kawai. Ka kira birkila ya ɗaga maka bulo jeri biyu ko uku, a cika ciki da ƙasa a daddanne sosai, a bar ramuka a jikin bulon ta ƙasa don ruwa ya riƙa fita, in ba haka ba ka gina tafki. Ɗagawar nan tana raba ka da ruwan Agusta mai gudu a tsakar gida, tana raba ka da kaji masu tono, kuma bayanka zai gode maka ranar da za ka sunkuya gyara. A saman sai a zuba ƙananan tsakuwar dutse ta kwari, mai kaifi-kaifi, ita ce ke riƙe juna, ta rafi mai santsi zamewa take. Dogon ya kwanta a cikin tsakuwar kamar yadda na gaske yake, kar a kafe shi da ƙusa ko'ina. Dalili, tagulla na miƙewa da zafi: mita 10 na dogo, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara tsawo kusan milimita 6, kuma ka san garin nan, asubar Janairu sanyi na ratsa ƙashi, da azahar kuma ƙarfen da ke rana ba ya taɓuwa. In ka haɗa da sanyin safiya ka bar ɗan tsaga a kowace mahaɗa, in babu inda zai miƙe to lanƙwashewa zai yi.

Hawa kar ya wuce santimita 2 a kowace mita ɗaya, shimfiɗaɗɗe ma ya fi. Birkilanka ya san awon tiyo da ruwa, ka tsaya a kansa ya yi. Kwana kuma, ƙaramar da ke zuwa a cikin saitin LGB da'irarta santimita 120 ce daga gefe zuwa gefe, ƙaramin kan jirgi zai bi ta lafiya, amma in akwai fili ka buɗe ta, don ranar da ka sayi tarago mai tsawo za ka ga amfanin. Sai wuri: nesa da gindin mangwaro, nesa da inda ruwan kwano ke zuba. Ka fita da lema ranar da ake ruwa mai ƙarfi ka ga inda yake bi da idonka, ka yi alama, ginin kuma ka bari sai an ɗauke ruwa wajen ƙarshen Oktoba, a riƙa ba simintin ruwa don iskar hunturu na saurin busar da shi ya tsattsage.

Af, tun da a Jos kake, me zai sa ka kwaikwayi tashar wani ƙauyen Jamus? Dogon milimita 45 a wannan girman yana wakiltar layin gaske mai faɗin mita ɗaya ne, namu na tsohon layi da ya shigo Jos ta Kafanchan a 1927 milimita 1,067 ne, ka ga kusan ɗaya. Kafin shi ma akwai siririn layin da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914 don kwasar kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, aka rufe shi a 1957. Ka je gidan tarihi na Jos ka ɗauki hoton tsofaffin kayan jirgin da ke ajiye, duwatsu kuma Allah ya hore mana su kyauta.

Na biyu daga Bukuru yake: "Yayana ya aiko min da saiti daga Amurka, ina jona tiransifomar a soket ta yi ƙara ta yi hayaƙi. Jirgin ya mutu kenan?"

Malam, jirgin da wuya in ya mutu, tiransifomar ce ta tafi. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka duba takardar jirgin ka ga bolt nawa yake ci, ƙananan na ɗaki wajen 12 ne, manyan na waje suna kaiwa 24, sai ka nemi tiransifomar da aka rubuta 230 ko 100 zuwa 240 a jikinta. Na Ingila da Jamus ba su da wannan matsalar da wutarmu. Kuma don Allah tiransifoma a ɗaki take zama, ƙaramar wutar kaɗai za a ja da waya zuwa waje, ga yara ga ruwa. Ni dai in na waje ne batir da rimot na fi so, a sa batirin a cikin tarago na farko, ba ruwanka da ɗauke wuta, ba ruwanka da goge dogo kullum. In kuma ka zaɓi wutar dogo, kar ka goge shi da samfefa mai kaushi, tana kankare ƙarfen datti ya daɗa samun wurin zama, tsumma da ɗan sifirit ya isa, in ya yi duhu sosai akwai roban gogewa da ake sayarwa don haka.

Sai wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo: "Ɗana shekararsa biyar, ya ga irin wannan a waya ya hana ni sakat. In yi masa oda?"

Hajiya, a'a, ba yanzu ba. Masu tsadar nan suna da ƙananan sassa masu ɓallewa, yaro na iya kai su baki, kuma kwana uku zai raba tayar da jikinta don ya ga abin da ke ciki. Ki saya masa na roba mai batir a kasuwa ko na katako da ake turawa da hannu, ki sa mai shagon ya haɗa dogon ya kunna a gabanki ki ga ya zagaya bai faɗi a kwana ba, ki duba murfin batirin da sukuru aka ɗaure shi. In ya kai shekara takwas ko tara yana nan da son abin, ki sake rubuto min mu duba na ɗaki mai sauƙin kuɗi.