Rauta uku da akwatin ajiya: ina ya kamata kuɗin su fara shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, amma babban sitona da ɗan ofishina suna gida, a bakin ƙofa. Yara huɗu ke yi mini aiki. Uku suna ɗaukar hoton kaya suna tura wa masu saye ta WhatsApp da Instagram, ɗaya yana riƙe da lissafi a kwamfuta. Gidan bene ne, rautarmu tana falon sama, Wi-Fi ɗinta ba ya kaiwa sito. Hotuna da rasit da lissafin bashi duk sun warwatsu a wayoyi da filash. Ɗan wana ya ce in sayi rauta uku da wani akwati da ake kira NAS, mu riƙa ajiya wuri ɗaya. Wannan jari ne ko ɓarnar kuɗi? Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ɗan wanka ya gano ciwon, maganin da ya rubuta ne yake son gyara. Aikin ya cancanci a kashe masa kuɗi, amma ba yawan rauta ne zai fisshe ka ba. Wayar haɗa na'urori (kebul) mai kyau, wutar da ba ta yankewa, da kwafi na biyu a wajen gida, nan kuɗinka za su yi maka aiki.

Kafin ka je kasuwa, kira yaron lissafi ka tambaye shi: in kwamfutar nan ta ƙi tashi gobe da safe, bashin nawa ne ba za mu iya tuna wanda muke bi ba? Kai ka fi ni sanin yadda kaya ke fita a Kwari. Mutum ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Maiduguri, ya ɗauki dila, ya biya rabi, saura sai ya dawo. Amana ce, amma amanar da ke rubuce. Adadin da yaron ya faɗa maka shi ne ma'aunin abin da ya dace ka kashe. Ka haɗa da wannan: ranar da wani yaro ya bar aiki, da wayarsa zai tafi, hotunan kayanka da lambobin masu sayenka suna ciki.

To, batun rauta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Rauta ɗaya ce za ta karɓi intanet, ko ta layin MTN ko Airtel, ko ta Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023, kuma ita kaɗai za ta riƙa raba wa kowace waya da kwamfuta lambarta. Sauran biyun aikinsu miƙa Wi-Fi zuwa inda bai kai ba. In aka bar kowacce tana rabon lambobi da kanta, gidan ya rabu unguwa uku ke nan. Na taɓa shiga wani ofishin 'yan kasuwa inda aka yi haka. Intanet na aiki a ko'ina, amma kwamfutar ƙasa ba ta ganin firintar sama, har suna shirin sayen sabuwar firinta. Gyaran bai ci ko kwabo ba. An shiga saitin ƙananan rautocin an mayar da su kan zaɓin da aka rubuta Access Point, wanda yawancin na TP-Link suke da shi, wadda ba ta da shi kuma aka kashe mata DHCP, wato aikin rabon lambobin nan. Sai aka ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, mutum ya sauko daga bene zuwa sito ba sai ya sake haɗawa ba.

A nan ne kuma asarar ɓoye take. Wasu sukan sayi rauta uku kowacce da layinta, su riƙa zuba data sau uku duk wata. Na'ura sau ɗaya ake sayenta, data kuwa ba ta ƙarewa da biya. Layi ɗaya mai ƙarfi ya ishe ka, in ka ga dama ka ajiye na wani kamfanin don ranar da na farko ya yi rauni.

Abin da zan fi nanatawa shi ne a haɗa rautocin da waya, kada a dogara da iska. Bulon siminti da dakin mai rodi suna cinye Wi-Fi. Zangon 5 GHz ya fi sauri amma bango yana saurin kashe shi, na 2.4 GHz ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a soket don ta ƙara nisan Wi-Fi, sau da yawa rabin gudun take ci, domin da baki ɗaya take karɓa take mayarwa. Wayar Cat6 kuwa tana kai gudun gigabit har tsawon mita 100, kuma da wuya tsakanin falonka da sito ya kai haka.

Sai dai ka kula wajen saye, ko a Beirut Road ko a Farm Centre. Akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka yi masa rufin tagulla, a kwalin akan rubuta CCA. Ka sa a yanko maka guntu, ka fiƙe robar, ka kankare siririn ƙarfen da reza. In fari ya bayyana a ƙasa, mayar musu. Ta gaske ja take ciki da waje. Araha ba ta ado, kuma wayar da za a binne ba abin da za a riƙa tonowa duk shekara ba ce. A sa ta cikin bututun roba a bi da ita ta ƙasa, nesa da wayar lantarki. Kada a rataye ta daga rufi zuwa rufi: rana za ta gasa ta, tsawar damina kuma tana iya bi ta cikinta ta ƙone duk abin da ke haɗe. In an samu na'urorin da ke shan wuta ta cikin wayar intanet ɗin kanta, waɗanda ake rubuta wa PoE, ya fi, domin wuri ɗaya kawai za ka tanadar wa batir.

Wuta ita ce abin da masu kawo lissafin aiki suka fi mantawa. Rauta ba ta da ci, kusan wat 10 kowacce. Akwatin ajiya mai faifai biyu yana shan wajen wat 20. Duka-duka ka ce wat 60, wato ƙasa da yunit ɗaya da rabi na mitar wuta a yini da kwana. In kana da inbata da sola, wannan ba zai dame su ba. In babu, ka sa UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, a lissafi tun farko. Rauta in an ɗauke wuta za ta tashi abinta in an dawo da ita, amma faifan ajiya da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu yana iya lalata abin da yake rubutawa. Sauyin da ake yi daga wutar gari zuwa janareta ma yankewa ce a wurinsa.

Yanzu akwatin NAS. Ƙaramar kwamfuta ce marar allo, aikinta riƙe fayil, kowa a gidan ya shiga ya ajiye ko ya ɗauka. Synology da QNAP su ne sanannu. Galibi fanko ake sayar da shi, faifan daban, saboda haka ka tabbata kuɗin da aka faɗa maka har da faifai, kuma irin waɗanda aka yi don aiki dare da rana, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf. Kada a ruɗe ka da babba. Hoton waya ɗaya bai cika wuce megabait 5 ba, ke nan terabait 4 zai ɗauki hoto wajen 800,000. In an sa faifai biyu masu terabait 4 suna kwafar juna, wanda ake kira RAID 1, terabait 4 za ka samu, ba 8 ba.

Zan faɗa maka gaskiya: da lissafi da rasit ne kawai matsalarka, da na ce ka bar akwatin. Gigabait 15 da Google Drive ke bayarwa kyauta za su ɗauki lissafin shekaru. Abin da ya sa na goyi bayan sayensa shi ne hotuna da bidiyon kaya da yara uku ke ɗauka kullum. Duk abin da ya bi ta cikin gida zuwa akwatin ba ya cin data ko kaɗan, kuma kayan suna zama naka, ba na wayar yaro ba.

Amma kada wani ya ce maka faifai biyu sun wadatar. Suna kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. In yaro ya goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya goge. In ɓarawo ya ɗauke akwatin, ya tafi da duka. Mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba, ku 'yan Kwari kuma kun ga ambaliyar 2022 da idonku. Ka sayi faifai na uku, irin na hannu, a riƙa kwafa a kansa duk Juma'a, a ajiye shi a shago ko gidan wani amintacce. Fayil ɗin bashi kuwa, tunda ƙarami ne, a saita shi ya riƙa hawa ma'ajiyar intanet kowane dare.

Ɗan wanka zai so ya buɗe akwatin yadda za ka shiga daga kasuwa. Abu ne mai amfani, amma ba a yin sa da gaggawa. A Janairun 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, ana neman bitkoyin 0.03 kafin a saki fayil ɗin mutum. In za a buɗe, a bi ta VPN, wato kullalliyar hanyar shiga daga waje, a kashe asusun da akwatin ya zo da shi, a riƙa sabunta manhajarsa. A cikin gida ma kowane yaro ya samu asusunsa da kalmar sirrinsa. Masu hoto su ga ɓangaren hoto, lissafin bashi kai da mai lissafi kawai. Wanda ya bar aiki a rufe nasa ranar. Baƙi da yaran gida a buɗe musu Wi-Fi na baƙi, wanda ke ba da intanet amma ba ya kaiwa ga akwatin.

Wurin ajiye shi kuma kada ya zama cikin sito tsakanin diloli. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu da burbushin yadi suna toshe masa fanka. A ɗora shi a kan kanta a ofis inda iska ke ratsawa, a riƙa hure masa ƙura.

Ba lallai ka saya duka rana ɗaya ba, musamman da yake kayan nan farashinsu dala yake bi. Fara da waya da rauta ɗaya ƙari a sito, tare da UPS. Mai yiwuwa ka ga ta ukun ba ta da amfani. Bayan wata ɗaya sai akwatin ya biyo. Ka karɓi lissafi a rubuce daga mutum biyu, da sunan kowace na'ura da lambarta, kuɗin aiki daban. Ko ɗan wanka ne zai yi, ka biya shi ladansa, ka rubuta kuɗin cikin abin da kasuwa ta kashe, shi kuma ya rubuta maka duk kalmomin sirri a takarda ka adana. Ka riƙe cikon kuɗin aikin sai an gwada a gabanka: a kashe wutar gidan ka ga akwatin bai mutu ba, ka tsaya a ƙuryar sito ka buɗe hoto daga wayarka, sannan a goge fayil ɗaya da gangan a dawo maka da shi daga faifan nan na uku.