Sola ko injin iska: wanne ya dace da gida?

Malam, ka tambaya wanne za ka sa a gidanka a cikin garin Katsina, sola ko ƙaramin injin iska, wato fankar da iska ke juyawa ta samar da wutar lantarki. Shawarata ka sa sola.

Rana dai Allah Ya hore mana ita kusan duk shekara. Farantin sola ba shi da abin da ke juyawa, shi ya sa ba ya yawan lalacewa, kuma mai kyau yakan kai shekara 20 zuwa 25. Hidimarsa goge ƙura ce, musamman da hunturu. Inda kuɗi ke tafiya shi ne batir, don da shi za ka kwana da wuta.

Iska kuwa sai an yi mata lissafi. Idan gudunta ya ninka biyu, wutar da injin ke bayarwa takan ninka kusan takwas. Idan ya ragu da rabi, sai ta koma kashi ɗaya cikin takwas. To a cikin gari gine-gine da bishiyoyi suna karya ta, sai ka ga fanka na juyawa amma batir bai cika ba. Tana son fili da dogon turke, ga gyara a can sama.

Ba wai iska ba ta da amfani ba ne, tana aiki har da dare. A Kenya, tashar wutar iska ta Tafkin Turkana tana da ƙarfin megawat 310, saboda wurin yana da iska mai ƙarfi kusan kullum. Tamu kuwa ta Lambar Rimi a jihar Katsina, mai megawat 10, ta shafe fiye da shekara goma ana aikin gina ta.

Ka fara lissafa kayan wutar gidanka kafin ka sayi komai.