Haruffan da za ki sa a zanen gado

'Yata, tambayarki ta ba ni dariya, sannan ta sa na yi shiru. Kin ce kina son a yi ɗinkin ado na haruffan farko na sunanki da na angonki a kan zanen gado da rigunan filo, kuma kina so ki san na wa zai fara zuwa. Ko ɗaurin aure ba a yi ba, kina neman ki riga malam masallaci.

Al'adar ta Turawa ce, kuma amfaninta na farko shi ne kada kayan gida su ɓace wajen wanki. A tsarinsu na da, amarya haruffan sunanta na gidan ubanta take sa wa kayanta, ba ta taɓa na miji sai an ɗaura. Idan haruffa uku ne kuma na tsakiya ya fi girma, to wannan babban shi ne na sunan dangi, harafin sunan mutum yana hagu, na suna na biyu yana dama. Idan kuwa girmansu ɗaya, yadda aka fi yi wa maza a hannun riga, ana jera su ne kamar yadda ake kiran sunan.

Wannan bambancin da hawaye na koye shi. Ina budurwa, malamar da ta koya mini ɗinki ta ba ni hankici goma sha biyu na wata mata. Na jera haruffan kamar yadda ake kiran sunan, amma don burgewa sai na ƙara wa na tsakiya girma, na kewaye shi da furanni. Malama ta ɗaga hankici ɗaya a hasken taga, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wane ne ya ba ni izinin sauya wa matar dangi. Kwana uku ina warware zaren da bakin allura, kuma ko da na gama, ramukan suna nan a jikin yadin. Innata ta same ni ina kuka, ta ce sauri ya kan haifi nawa, ta ƙara da cewa yadi ba ya manta inda allura ta bi.

Ku na yanzu, inji ke yi muku cikin minti kaɗan, shi ya sa ba ku rubuta haruffan a takarda ku karanta su tukuna, alhali idan babban harafi ya koma tsakiya, wani lokaci su kan haɗu su ba da kalmar da ba za ki so baƙo ya gani a tawul ba.

Batun na wa zai fara, yawanci ana sa na mace a hagu, na miji a dama, amma wasu suna juyawa. Ki kawo zanen ranar da za ki zo, kada ki kai wa mai ɗinki kafin na gani.